Maganin Auta da Sakin Layin da Aka Cire

Daga gida, farkon damina

'Yata Lauya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma sanyin garin nan naku bai ƙarasa cinye miki kunnuwa ba. Mu nan alhamdulillahi. Mamanku tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu a tsaye kike cin abinci kamar wadda ake kora. Gwiwata ta hagu ta dawo da tsohon halinta, amma ni da ita mun saba.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Kin san gidan da kika tashi a cikinsa, bangonsa ba ya riƙe sirri. In na ɗaga waya a falo, Auta tana ji daga ɗaki har ta gyara min magana. In kuma saƙo na rubuta, ita ce mai buɗe min wayar. Abin da zan faɗa miki kuwa ba na so ta ji tukuna.

Likita ya kira ni ofishinsa ranar Talata, ya tashi ya rufe ƙofa da kansa. Ya ce ƙwayar nan fara da masana'antar bayan tasha ke yi, wadda ta riƙe dajin jinin ƙanwarki shekara da shekaru, ta gaji. Cutar ta gane ta. Akwai sabon magani kuma yana aiki, amma na kamfanin waje ne, ko gidan nan na sayar ba zai kai mu ƙarshen shekara ba.

Hanya biyu ce a gabana. Ta farko, asibitin ƙasar maƙwabta, garin da ƙanwar Mamanku take aure. Can ana yin irinsa mai araha, har sun ba Auta gurbi, sai dai ba sa bayarwa sai ga wanda ke gabansu suna duba jininsa. Tafiyar kwana biyu ce a kan hanyar nan da kika sani, kuma in mun je sai zama, babu ranar dawowa. Likita ya ce yanzu jikinta zai ɗauki tafiyar, amma bai yi min alkawarin gobe ba.

Ta biyu, tsohon ɗalibina mai haɗa magani a masana'antarmu, wanda kike kira Dogon Kwalba. Ya ce ya san yadda ake haɗa sabon, in an ba shi dama cikin 'yan watanni zai fito da shi. Amma mai masana'antar ya ƙi sa hannu. Wai ƙarshen shekara za a cire ƙasarmu daga jerin matalauta, kuma ranar da aka cire mu ranar za a ɗaure masa hannu, injinan da ya saya su zama kayan kallo.

Ni malamin kimiyya ne. Na san abin da ke cikin ƙwaya, ban san abin da ke cikin doka ba. Ke ce gwamnati ta tura can, kina zaune a bayan Jakada a ɗakin da ake yanke irin wannan. Ki fahimtar da ni yadda nake fahimtar da 'yan aji ɗaya: me ya haɗa talaucinmu da maganin Auta?

Ita dai yanzu kullum tana gida tana taya ni duba takardun jarrabawar ɗalibai. Ta fi ni rowar maki nesa ba kusa ba.

Kawunki

*

Daga birnin taro

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na gaishe ka da girmamawa, ina gaida Mama da Auta. Ka ce wa Mama yanzu a zaune nake cin abinci, sai dai a kan takardu. Ka kuma daina raina gwiwar nan, ka je a duba ta. Lafiyata ƙalau.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin saƙo, sannan na zauna a kan matakalar bene. Amma ka yi tambaya, bari in amsa yadda ka koya min, daga tushe.

Wanda ya ƙirƙiro magani, yarjejeniyar ƙasashe ta ba shi shekara ashirin shi kaɗai yana yi yana sayarwa, don ya mai da wahalarsa, don kuma gobe wani ya ji ƙwarin yin bincike. Wannan a karan kansa ba zalunci ba ne. Sai dai an yarda cewa ba a sa marar takalmi tsere da mai mota. Saboda haka aka ware ƙasashe mafi talauci aka ɗaga musu ƙafa zuwa wani wa'adi, aka ce su za su iya yin irin maganin ba tare da izinin mai shi ba. Ƙarƙashin wannan inuwar Dogon Kwalba ya yi shekaru yana haɗa ƙwayar Auta. Yanzu an auna mu an ce mun ɗan tasa, za a yaye mu daga jerin, wanda aka yaye kuwa ya fita daga inuwar. Ranar da aka sanar da yayen an yi ta tafi a ofishinmu. Ni ma na tafa, Kawu.

To ga abin da ya kawo mu. Muna neman a ƙara wa matalauta wa'adi, kuma a sa sakin layi guda da zai ce wanda aka yaye ya ci gaba da cin moriyar sassaucin na wasu shekaru, kada a sake shi rana ɗaya. Wannan sakin layin ni na rubuta daftarinsa. Jakada ya gyara kalma biyu ya ce, "Wa ya koya miki rubutu?" Na ce Kawuna. Ya ce, "Lauya ne?" Na ce a'a, amma bai taɓa faɗuwa a gardama ba sai a gaban Mama.

Ɗakin da muke zama ba shi da taga. Dogon tebur ne, kowa da abin saurare a kunne, ana haska rubutun a bango. Duk maganar da ba a amince da ita ba tana cikin baka biyu. Mun yi makonni ana jan kalma ɗaya kamar ana jan saniya daga rijiya. Jiya da la'asar, a gaban idona, aka cire baka biyun da ke kewaye da sakin layinmu. Wakilin babbar ƙasar da ta fi kowa taurin kai ya gyaɗa kai. Jakada ya waiwayo ya ce, "Yarinya, je ki huta." Saura kawai babban zama, shugaban taro ya buga gudumar amincewa, wannan kuwa cika al'ada ce.

Ba zan ce ka tafi ko kada ka tafi ba, kai ne uba. Amma da ni ce, ba zan ɗora ta a kan hanyar nan ba alhali magani na zuwa ƙofar gida. Tunda har tana zaune tana duba takardu tana hana yara maki, ai da sauran ƙarfinta. Ka nuna wa mai masana'anta wannan wasiƙar.

'Yarka,
Lauya

*

Daga gida

'Yata Lauya,

Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, rufin ɗakin girki ya fara yoyo daidai kan inda Mamanku ke tsayawa, ta ce da gangan na gina shi haka.

Wasiƙarki ban san sau nawa na karanta ta ba. Na tafi da ita makaranta na karanta wa 'yan ajin ƙarshe bayanin nan naki na marar takalmi da mai mota, na ce su ga yadda ake ɗauko magana mai nauyi a ajiye ta ba tare da an fasa ta ba. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in an sai wa marar takalmin silifa, shi ke nan ya zama mai mota?" Na ce ta zauna, wannan tambayar ta fi ƙarfin albashina, akwai wadda za ta amsa mata.

Daga makaranta na wuce masana'anta. Dogon Kwalba ya karanta a bakin ƙofa da farar rigarsa, hularsa ta roba a kai, yana gamawa ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Mai masana'antar mutum ne mai sanyin jini. Ya karanta, ya ninke, ya ce, "Malam, a buga gudumar, washegari in yi odar kaya." Amma ya ba da izini a share ɗakin ƙarshe, na ga ma'aikata suna fitar da tsofaffin kwalaye.

Na yi wa asibitin can waya na ce mun gode, su ba wani gurbin. Matar da ta ɗauka ta tambaye ni har sau biyu ko na tabbata. Na ce na tabbata, 'yata tana cikin ɗakin da ake yanke maganar.

Auta kuma ta sani. Na zauna a gefen gadonta ina ta kewaye-kewaye, ta ce, "Baba, bar wahalar da kanka. Tun ranar da Likita ya fara ce min 'yata' na gane akwai magana. Da can 'ke yarinya' yake ce min." Na gaya mata komai, har da tafiyar da na fasa. Ta yi murna, Lauya. Ta ce dama ba ta son zaman gidan ƙanwar Mamanku, inda ake kashe fitila tun ƙarfe takwas, kuma tana so ta zauna jarrabawar fita tare da 'yan ajinsu. Ta ce in gaya miki, "Yaya Lauya ta yi sauri da gudumarta. In ba su da ita, akwai ta Baba a ƙarƙashin gado, a aika musu."

Na ba Likita labari. Ya dai daɗe yana kallon takardar gwajin jininta. Likitoci ba su iya murna ba.

Kawunki

*

Daga gida

Lauya,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Wata ya mutu, wani ya kusa raba tsakiya, babu takardarki. A waya kullum kina cewa "ana kai, Kawu," kina sauri, ni kuma ba na iya tambaya saboda mai kunnen nan tana kusa. Na ce wa Mamanku shiru alamar aiki ne, mai ɗaurin kaya ba ya surutu.

Dogon Kwalba ya zo gida sau biyu. Ya ce ɗaki ya bushe, an yi fenti, yana jiran magana ɗaya. Na ga yana son tambayar wani abu, sai ya tambayi gwiwata.

Auta ta yi zazzaɓi makon jiya, an ƙara mata jini. Dasashinta yana zubar da jini in ta goge baki, ta ce ita ce mutum ta farko da buroshi ya fi ƙarfinta. Likita ya sake tambaya ta maganar tafiya. Na ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan.

In an ɗage zaman ne, ki gaya min. Ko layi ɗaya ne.

Kawunki

*

Daga birnin taro

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Ban san yadda zan tambayi jikin Auta ba bayan abin da zan rubuta.

An cire sakin layin.

Ana gobe babban zama, manyan wakilai suka shiga ƙaramin ɗaki, mu ƙanana aka bar mu a baranda. Manyan ƙasashe suka ce a zaɓa: ko dogon wa'adi ga waɗanda suka rage a jerin matalauta, ko gajeren wa'adi tare da sakin layin masu fita. Waɗanda suka rage suna da yawa, mu da ake yayewa ba mu cika hannu ba. Ban ga laifinsu ba, su ma da nasu marasa lafiyar. Da Jakada ya fito bai kalle ni ba, ya miƙa min jakarsa kawai. Abin da ya rage na rubutuna jimla ɗaya ce, wai ana ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa su duba halin waɗanda ake yayewa. Ba ta ɗaure kowa ba.

A wurin nan akwai ka'idar da kowane tsohon hannu ya sani: ba a amince da komai ba sai an amince da komai. Cire baka biyu ba alkawari ba ne. Na sha jin ana faɗa, na ɗauka karin maganar tsofaffi ce. Wannan ne zamana na farko, na ga an gyaɗa kai na ɗauka an gama, na rubuto maka kamar na ga ƙwayar a tafin hannuna.

Sannan shiruna. Mun sa hannu cewa abin da aka yi a ƙaramin ɗaki ba ya fita sai an wallafa, kuma an ɗage wallafawar saboda wata ƙasa ta yi gardama a kan wani batu daban. Na ce wa kaina kafin nan zan iya mai da shi. Na bi wakilai ofis-ofis, na tare su a ɗakin shan shayi, har wata dattijuwa daga wata ƙasa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, wa kike da shi a asibiti?" Wasiƙarka da ka ce ka mai da gurbin ta iso ni a tsakiyar wannan. Na karanta inda ka ce 'yarka tana cikin ɗakin da ake yanke maganar. Kawu, a baranda nake. Duk ranar da na ɗauki waya in gaya maka, sai in ji muryar Auta daga nesa tana tsokanata, sai in ce "ana kai." Gaskiyar ita ce ka'idar ta ba ni wurin ɓuya, na ɓuya.

Yau aka wallafa. Don Allah kada ka tsaya amsa min. Ka kira asibitin can yau, ka roƙe su, ku kama hanya. Na rubuta musu ni ma, Jakada ya sa hannu a kai.

'Yarka

*

Daga asibiti

Lauya,

Wasiƙarki ta same ni a nan, Mamanku ta kawo min ita cikin kwandon abinci. Kwananmu na nan ya yi nisa. Ni lafiyata ƙalau, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Na kira su tun kafin in kai ƙarshen shafi. Gurbin an ba wani tuni. Matar ta gane muryata, ta ce saboda takardar Jakada za su nema mana wani. Na je wa Likita da gudu da wannan labarin. Ya ce, "Malam, ko gado goma suka ba ka, hanyar ba za ta kai ta ba. Watan jiya ne ya kamata." Bai faɗa da faɗa ba. Gara ma da ya yi faɗan.

Akwai abin da ya kamata ki sani, don kada ki ɗauki kayan duka ke kaɗai. Na zaunar da Auta duba takardu ne saboda ta daina iya hawa matakalar makaranta. A kwance take dubawa, takarda biyar ta yi barci. Wannan ban rubuta miki ba. Na rubuta miki rowar maki, don ina so ki yi dariya a ƙasar mutane. Kika karanta abin da na ba ki, kika gina shawara a kai.

Amma shirun nan, Lauya. Ban san takardar da kika sa wa hannu ba, ba kuma zan ce ki karya amana ba. Ba sai kin faɗa min abin da aka yi a ɗaki ba. Da kin ce, "Kawu, ku tafi, kada ka tambaye ni dalili," wallahi da ban tambaya ba. Ni na rene ki, na san muryarki in da gaske kike. Mako shida ina ce wa Likita ya ƙara haƙuri.

Na gaya wa Auta, don ta hana ni ɓoye mata komai. Na yi mata bayanin yaye da jerin matalauta yadda kika yi min. Ta kalli robar ƙarin ruwa, can ta ce, "Wato mun yi arziki ke nan, Baba? Ba wanda ya gaya min." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta huta ta ce kada in yi miki faɗa, wai ke tun kina ƙarama in kin fasa kofi sai ki ɓoye a bayan ƙofa ki yi ta ƙoƙarin liƙa shi da miyau.

Tana tambayarki.

Kawunki

*

Daga birnin taro

Kawu,

Ina gaishe ku. Na ji duk abin da ka faɗa, babu wanda zan musa.

Na sami kujera a jirgin ƙarshen mako. Na kuma ajiye wa Jakada takardar barin aiki a kan teburinsa. Ya karanta ya jefa a aljihun tebur ya ce sai na dawo, amma ni na san ba zan dawo ba. Ba ni da fuskar sake zama a ɗakin nan ina kallon rubutu a bango.

Na saya mata rigar sanyin nan ja da ta gani a hotona ta ce in ba ta gado. Ka ce mata ba sai ta jira gado ba. Ka ce mata ina hanya, ta jira ni.

Kawu, ka yafe min.

'Yarka

*

Daga gida

'Yata,

Assalamu alaikum. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Mamanku ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Mutane sun ragu, gidan ya yi girma.

Na san kin ji zafin yadda na ce miki a waya ki fasa tahowa. Ba kora ba ce. An riga an kai ta, kuma na san in kin zo a wannan halin ba za ki koma ba. Wasiƙarki ta ƙarshe ta iso bayan komai ya wuce.

Kin ce in ba ki labarin ranar, a waya na kasa. Da safe ne, rana ta fito sosai. Ta ce a buɗe taga. Ana jin hayaniyar 'yan makaranta suna wucewa ta bayan katangar asibiti, ta ce, "Waɗannan duk sun makara." Mamanku tana shafa mata mai a ƙafa. Ta tambaya ko yau ne jirginki, na ce jibi. Ta ce, "To ku gyara mata gadona, nata katifar ta lotsa." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada da Mamanku ke maimaita mata. Ba ta sha wahala a ƙarshe ba. Ina faɗa miki ne don gaskiya ne, ba don in lallashe ki ba.

Kin ce in yafe miki. Mamanku ta yafe tun ranar, har kuka take yi miki, wai kina can ke kaɗai babu mai riƙe ki. Ni na buɗe baki in faɗa, sai na ji bai nuna ba tukuna, kuma ban saba ba ki ɗanyen abu ba. Ki ba ni lokaci. Ni ma ban gama da kaina ba, ni na ɗauki waya na mai da gurbin, ba ke ba. Amma ke 'yata ce jiya, ke 'yata ce yau, wannan ba ya cikin abin da ake tattaunawa.

Maganar barin aiki kuma, ban yarda ba. Ki je ki karɓo takardarki daga aljihun teburin mutumin nan. Kin koyi halin ɗakin nan a kan tsada mafi girma da ake biya, kuma mu muka biya tare da ke. In kin fito, wata sabuwar yarinya za a zaunar a kujerar, ta ga an gyaɗa kai ta rubuta wa nata kawun.

Ga kuma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata mata mai ɗinki da aka kwantar a gadon da ke kallon na Auta, ciwonsu ɗaya, ita ma tsohuwar ƙwayar ta fara sakinta. 'Ya'yanta uku, ƙaramin bai daɗe da fara tafiya ba. Mijinta direba ne, ya ji ana cewa ina da 'ya a wurin da ake dokar magani, shi ne yake zuwa nan duk yamma, ya yi min gaisuwa, ya zauna a bakin ƙofa yana juya makullin mota. Ba ya tambaya, amma na san abin da ya kawo shi. Dogon Kwalba kuma ya ce ya ji akwai wata ƙofa da yaye ba ya rufewa, wai lasisin dole, inda gwamnati ke iya ba da izinin yin magani saboda lafiyar jama'a, a biya mai shi wani abu. Ya ce ɗakin yana nan da fentinsa, bai bari an mai da kwalaye ba.

Ki rubuto min gaskiyar wannan. Wa ke sa hannu, ofishin wa ake fara zuwa, me ke sa ministoci tsoronsa, kuma wata nawa yake ci. In ba zai yiwu a kan lokaci ba, ki faɗa min a layin farko, in san abin da zan gaya wa mutumin nan tun matarsa tana iya zama a mota. Inda ba ki da tabbas, ki ce ba ki da tabbas.

Ki rubuta da manyan baƙaƙe. Idanuna ba sa jure ƙananan rubutu kwanakin nan.

Kawunki